KAFIN MU SAYI GUBA, MU SAN ƘWARON DA KE CIN YAƊONMU



A kwarin Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa zuwa Tarna, daga Sumarana zuwa Tibiri, da wuya a sami garkar da ba ta da abin yaɗo. Akwai kabewa da kankana da malo da kokwamba. Akwai duma da soso da wake. A cikin gari ma haka abin yake. Uwargida takan binne ƙwaya biyu ko uku a gindin danga. Damina na sauka, sai yaɗo ya hau darni, ya rufe rumfa. Iyali su sami inuwa, su sami abin miya. Duma kuma ya ba mu ƙwarya da ludayi da gora.

Amma ba mu kaɗai ke son waɗannan tsirrai ba. Ƙwari ma suna son su. Da mutum ya ga ganye ya huje, ko ɗan kabewa ya ruɓe tun bai girma ba, sai ya nufi kasuwa ya sayo ƴar kwalbar piya-piya. Ya zuba a ruwa, ya yayyafa, ya koma gida da ciwon kai. Bayan mako guda ɓarna ta dawo.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, wannan hanya ba ta fisshe mu. Tana cin kuɗinmu, tana taɓa lafiyar iyalinmu, kuma sau da yawa ba ta kai ga ƙwaron da ke ɓarnar. Abin da ya fi shi ne mu san ƙwaron tukuna. Sannan mu yaƙe shi da hannu, da tsabta, da bedi, tare da maƙwabtanmu. Maganin kanti shi ne na ƙarshe, kuma sai wanda hukuma ta yarda da shi.

ƘWARI HUƊU DA YA KAMATA MU SANI

Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Haka ya kamata mai garka ya yi. Ga huɗu daga cikin manyan masu ɓarna a kan abin yaɗo.

Na farko, ƙudan kabewa. Bai yi kama da ƙudan gida ba. Ya fi kama da ƙaramar rina, jikinsa ja-ja ne da ɗigon rawaya. Macen tana huda fatar ɗanyen ɗa, ta zuba ƙwai a ciki. A wurin hudar za a ga ɗan tabo, wani lokaci da ɗigon ruwa kamar ƙaro. Cikin ƴan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Fararen tsutsotsi su yi ta ci daga ciki, ɗan ya lanƙwashe, ya ruɓe, ya faɗi. Daga nan tsutsa ta fita ta shiga ƙasa. Ta kwanta mako ɗaya ko biyu, ta fito ta zama sabon ƙuda. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙuda bai wuce mako uku zuwa huɗu ba. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai fiye da 100.

Mu lura da kyau. Tsutsar tana cikin ɗan kabewa, ko tana cikin ƙasa. Gubar da muka yayyafa a kan ganye ba ta isa gare ta.

Na biyu, darɓa. Ƙananan ƙwari ne, kore ko baƙaƙe, masu taruwa a bayan ganye da kan sabon toho. Suna tsotse ruwan tsiro, ganye ya nannaɗe. Suna fitar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma, shi ya sa ake ganin tururuwa na hawa da sauka. Darɓa kuma tana ɗaukar cuta daga tsiro zuwa tsiro, irin cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, yaɗo ya tsumbure.

Na uku, buzuzun ganye. Ɗan ƙwaro ne mai siffar rabin ƙwayar wake, launinsa ja mai duhu-duhu, da ɗigo baƙaƙe 12 a bayansa. Bayan nasa ba ya sheƙi. Shi da ƴaƴansa, masu launin rawaya da ƙaya-ƙaya a jiki, suna kankare ganye har ya koma kamar raga. Ƙwansa rawaya ne, a jere a bayan ganye.

Na huɗu, tsutsar furen wake. Uwarta wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare. Tsutsar fara-fara ce da ɗige-ɗige masu duhu. Tana shiga cikin fure da kwanson wake, tana haɗa su da zare kamar saƙar gizo-gizo. Fure ya zube, wake ya ƙi ƴaƴa. Idan mun ga kashinta a bakin rami a jikin kwanso, to tana ciki.

BA KOWANE ƘWARO NE MAƘIYI BA

Kabewa da kankana da malo da kokwamba suna da fure iri biyu, namiji da mace. Furen mace shi ne mai ɗan ƙulli a gindinsa. Ƙullin nan ba ya zama ɗa sai an kawo masa garin furen namiji. Wa ke kawowa? Ƙudan zuma da danginsa. Furen kabewa yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ya rufe. A wannan ɗan lokaci ne zuma ke aikinta. Wanda ya yi feshin guba da safe, ya kashe mai yi masa aiki kyauta. Daga baya sai ya ce ƙasa ce ta gaji, ko iri ne ba shi da kyau. Duma kuwa farin furensa da maraice yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke yi masa wannan hidima.

Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai kama da buzuzun ganye, amma shi bayansa sumul yake, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Wannan ba ya cin ganye. Darɓa yake ci, shi da ƴaƴansa. Duk inda muka gan shi a cikin darɓa, mu ƙyale shi. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da ƙadangare da kwaɗo, duk masu cin ƙwari ne.

Wannan magana ba tatsuniya ba ce, an gwada ta a ƙasarmu. Tun 1975 aka kafa INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, kuma tana da babban reshe a Tarna. Daga 2006, masu bincike na wannan cibiya, cikinsu har da Malam Ibrahim Bawa masanin ƙwari, sun yi aiki da manoman jihar Maraɗi a kan murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Ba su yi feshi ba. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro suka kiwata, suka sake shi a gonaki daga cikin ƙananan buhuna. Shi ne ya riƙa kashe tsutsar. Manoma da yawa sun gani da idonsu. To, irin waɗannan mataimaka suna nan a garkarmu. Guba ba ta bambanta su da masu ɓarna. Idan ta share kowa, masu ɓarna ne ke riga dawowa, domin sun fi saurin haihuwa.

MENE NE PIYA-PIYA?

Abin da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana kira piya-piya, yawanci wata guba ce da masana ke kira DDVP. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin rukunin magunguna masu haɗari ƙwarai. Tana shiga jiki ta hanci, ta baki, da ta fata. Kwalbar ba ta da takarda. Ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, ko abin da aka gauraya da shi. Ba a faɗi awon da za a zuba a ruwa ba. Ba a faɗi kwana nawa za a jira kafin a ci abin da aka fesa ba.

Mu tuna inda yaɗonmu yake. Yana kan dangar da yara ke wasa a gindinta. Yana kan rumfar da ake girki a ƙarƙashinta. Kaji suna kiwo a wurin, akuya tana cizgar ganye, randar ruwa tana kusa. Kokwamba da kankana ɗanyu ake cin su. Ganyen wake da na kabewa suna shiga tukunya. A garka kuwa, rijiya ba ta da nisa da fangali.

Ɓarnar ba ta tsaya ga lafiya ba, tana taɓa kasuwa. A 2015, ƙasashen Tarayyar Turai sun dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya. Dalili shi ne an sami ragowar wannan guba ta DDVP a cikinsa fiye da ƙima. Mu ma masu sayar da wake ne zuwa ƙasashen waje. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA ZA MU YI TUN KAFIN ƁARNA

Rigakafi ya fi magani. Ga ayyuka bakwai da ba su bukatar ko dala.

1. Mu zagaya shukarmu aƙalla sau biyu a mako, da sassafe. Mu juya ganye mu duba bayansa. A nan ƙwai da darɓa ke ɓuya.

2. Mu tsince buzuzu da tsutsa da hannu, mu jefa su cikin gwangwani mai ruwan sabulu. Mu murtsuke ƙwai. Ganyen da darɓa ta cika, mu tsinke shi mu binne.

3. Duk ɗan da ƙuda ya huda, mu cire shi tun yana kan yaɗo. Wanda ya faɗi, mu tsince. Kada mu jefa shi a bakin fangali ko bayan danga, domin a can tsutsa za ta shiga ƙasa. Mu haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, wato rabin mita, mu binne, mu danne ƙasa. Ko mu zuba cikin leda mai kauri, mu ƙulle bakinta tam, mu bar ta a rana kwanaki har zafi ya kashe tsutsar. Wannan aiki shi ne babban maganin ƙudan kabewa.

4. A gida, inda ƴaƴan ba su da yawa, mu sa musu riga. Da furen mace ya yanƙwane, ɗa ya fara kumbura, mu rufe shi da jakar takarda ko tsohon ƙyalle marar kauri, mu ɗaure sako-sako. Ƙuda ba zai sami wurin huda ba. Kada a rufe tun fure na buɗe, don zuma ta samu ta yi aikinta.

5. Mu kafa wa kokwamba da soso da duma sanduna ko rumfa su hau. Iska ta ratsa su, ido ya ga abin da ke faruwa.

6. Mu barbaɗa toka mai sanyi a kan ganyen ƙananan tsirrai da safe, lokacin da raɓa ba ta bushe ba. Tana rage ɓarnar masu cin ganye.

7. Bayan girbi, mu kwashe tsohon yaɗo, mu kaftu ƙasa don rana da kaji su sami abin da ya ɓuya a ciki. Kada mu maimaita kankana a inda aka cire kabewa ko malo, domin dangi ɗaya ne, ƙwarinsu ɗaya. Mu sa albasa ko masara a tsakani. Guna da ke fitowa da kanta kusa da garka ita ma masaukin ƙuda ce.

YADDA AKE HAƊA RUWAN BEDI

Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, ya cika titunan Maraɗi da Tibiri. Ƴaƴansa suna zuba a ƙasa, muna takawa muna wucewa. Alhali akwai magani a cikin ƙwayarsu. Masu bincike na INRAN sun gwada shi a gonakin wake, sun ga yana rage ɓarna. Ga yadda ake yi.

A tsince nunannun ƴaƴa, a wanke, a cire ɓawon sama. A shanya a inuwa har su bushe. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A daka ƙwayar ta yi laushi, a cikin turmin da ba na abinci ba. A auni rabin kilo na garin, a jiƙa cikin ruwa lita 10. A bar shi ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle mai laushi. A narka ɗan sabulu kaɗan a zuba, don ruwan ya kama ganye. A fesa da famfon feshi, ko a yayyafa da tsintsiya, sama da bayan ganye. A yi da maraice, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma zuma ta riga ta koma. A nufi ganye, a kauce wa buɗaɗɗen fure. A maimaita bayan kwana 7. Idan ruwan sama ya wanke, a sake.

Ruwan bedi na tsiro ne, ba na sha ba. A ajiye shi nesa da yara. Wasu suna jiƙa taba su fesa. Ba mu ba da wannan shawara ba, domin ruwan taba guba ne mai ƙarfi ga mutum.

MASU CEWA BA ZA SU IYA BA

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce.

Wani zai ce: "Bedi ba ya kashewa. Na fesa, da safe na tarar da ƙwari suna nan." Gaskiya ne, bedi ba ya kayar da ƙwaro nan take. Yana hana shi ci, yana hana tsutsa girma, yana hana uwa zuba ƙwai. Sai bayan kwanaki ake ganin aikinsa. Shi ya sa ake fara shi da wuri, tun ɓarna ba ta yi yawa ba. Kuma shi ma ba ya kai ga tsutsar da ta riga ta shige cikin ɗa. Wannan sai tsinta da binnewa.

Wani zai ce: "Aikin ya yi yawa, piya-piya kuwa ga araha." To, araha ba ta ado. Mu lissafa kwalba nawa ake saye daga shuka zuwa girbi. Mu haɗa da ƴaƴan da ba su ƙullu ba saboda zuma ta mutu. Mu haɗa da kuɗin likita, da ranar aikin da aka rasa ana kwance. Wanda ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ya ɗauki alƙalami ya gwada.

Wani zai ce: "Na tsince nawa, amma maƙwabcina ya bar nasa a ƙasa." Wannan ita ce magana mafi nauyi. Ƙuda yana da fiffike, bai san iyakar gona ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Jiratawa, inda aka shirya fili fiye da hekta 500 na noman ban-ruwa tun farkon shekarun 1980, manoma sun saba da tsari. Suna da ƙungiyoyi, suna da ranar ruwa, suna aiki da ma'aikatan ONAHA. Waɗanda suka iya raba ruwa bisa ƙa'ida, za su iya sa ranar tsintar ruɓaɓɓun ƴaƴa. Haka masu garka na Tibiri da na bakin gulbi a Maraɗi.

IDAN DOLE SAI AN SAYI MAGANI

Mai babban fili wani lokaci ɓarna takan fi ƙarfin hannunsa. Ba mu ce kada ya taɓa sayen magani ba. Mun ce ya fara zuwa wurin malamin gona, ko ma'aikacin kare tsirrai, da ganyen ko ɗan da ya lalace a hannunsa. Su za su faɗa masa ƙwaron da maganin da ya dace.

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Tun 1994, ƙasashen Sahel da ke cikin ƙungiyar CILSS suka fara tantance magungunan ƙwari tare. Maganin da suka yarda da shi yana ɗauke da lamba a jikin takardarsa, kuma a ƙarshen lambar akwai kalmar SAHEL. Mu neme ta. Mu duba ranar da maganin zai lalace. Mu duba zanen launi a gindin takarda. Ja yana nufin haɗari mai tsanani. Rawaya na bi masa, sannan shuɗi, sannan kore. Mu tambayi kwana nawa za a jira tsakanin feshi da girbi, mu kiyaye. Takardar da Faransanci ko Ingilishi take, amma lambobi da launi da kalmar SAHEL kowane ɗalibinmu zai iya gane su. Sauran bayani a kai wa malamin aji ko ɗan lakwal ya karanta.

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi. Ya rufe hanci da baki. Kada ya fesa yana fuskantar iska. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. Idan ya gama, ya yi wanka da sabulu, ya wanke tufafin dabam. Yaro da mace mai ciki ko mai shayarwa ba su feshi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata mai ko ruwan sha.

IDAN GUBA TA KAMA MUTUM

Ga alamomi: ciwon kai, jiri, yawan zufa, dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya. A fitar da shi zuwa wuri mai iska. A tuɓe tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai. Mutane da yawa sun ɗauka nono yana karya guba, amma ba ya karya ta. Kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi likita mafi kusa, a tafi da kwalbar don ma'aikatan lafiya su gani. Akwai allurar da ke taimakawa idan an je da wuri.

KIRANMU

Muna kira ga kowane ajin yaƙi da jahilci da ya karanta wannan shafi a bainar jama'a. A kawo ganye da ƙwari a cikin kwalba, a duba tare, a rubuta sunayensu a allo. Muna kira ga ƙungiyoyin manoma da na mata su tsayar da rana ɗaya a mako ta tsinta da binnewa, su kuma tara ƴaƴan bedi a lokacinsu don amfanin rani. Muna roƙon sarakunanmu da masu unguwanni da limamai su ja kunnen jama'a a kan kwalaben da ba su da takarda. Muna roƙon hukuma ta sa ido a kasuwanni, ta kuma kusanto da maganin kirki ga mai bukata.

Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a ƙasarmu, don garka ta cike giɓin da damina ta bari. An yi haka ne domin iyali su ƙoshi, su yi lafiya. Kada mu bari abincin da muka shuka da hannunmu ya zama hanyar shigar cuta gidajenmu.

Allah ya tsare mana amfaninmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.